Zama a Tsibirin Legas: Isale Eko, Obalende, Ikoyi, ko Tsallaken Gada?

Duk wanda sana'arsa ta kai shi tsibirin Legas, ko yana da shago a kasuwar Balogun, ko yana canjin kuɗi a titin Broad, ko an ɗauke shi tuƙi ko gadi a wani gida a Ikoyi, ko kuma aikin ofis ne ya kawo shi Marina, ba ya daɗewa sai tambaya ɗaya ta tsaya masa a rai: ya nemi wurin kwana a cikin tsibirin kusa da abin da ya kawo shi, ko ya kama ɗaki a tsallaken ruwa ya riƙa haye gada safe da yamma? Tambayar ba ƙarama ba ce, domin a Legas kuɗin hayar shekara ake biya gaba ɗaya, kuma wanda ya zaɓi unguwar da ba ta dace da shi ba sai ya yi haƙuri da ita har wata 12 su cika.

Kafin a shiga gwaji, yana da kyau a san yadda ƙasar take. Asalin tsibirin, wato ƙaramar hukumar Lagos Island, faɗinsa bai kai murabba'in kilomita 9 ba, ƙidayar 2006 kuma ta ba shi mazauna sama da 200,000, ko da yake masu shigowa cin kasuwa da rana sun fi masu kwana yawa nesa ba kusa ba. Gabas da shi akwai Obalende da Ikoyi, waɗanda ke ƙarƙashin ƙaramar hukumar Eti-Osa. A da magudanar Macgregor da Turawa suka haƙa ce ta raba su da tsohon gari, amma an cike mafi yawanta, har mutum yakan tsallaka daga wannan zuwa wancan da ƙafa bai lura ba. Gadoji uku ne ke haɗa wannan yanki da babban ɓangaren gari da ke tsallaken ruwa: gadar Carter da ke sauka a Idumota, wadda aka fara ginawa a 1901, da gadar Eko da aka buɗe a 1975 mai sauka a Apongbon, da gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8 da aka kammala a 1990, mai sauka a Adeniji Adele. Rayuwar mazaunin tsibiri da ta mai shigowa daga waje duk a kan waɗannan gadoji uku suka rabu.

Abubuwan da za a auna

Na farko shi ne kuɗi, amma ba kuɗin haya kaɗai ba. Wanda zai kama ɗaki a Legas yakan biya hayar shekara, da la'adar ejan, da kuɗin rubuta yarjejeniya, da wani kuɗin ajiya da mai gida ke riƙewa saboda ɓarna, sannan a bisani kuɗin ruwa da wuta da shara da gadin unguwa su biyo baya. A gefe guda kuma akwai kuɗin mota, wanda ya yi tashin da kowa ya ji a jikinsa tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023. Lissafin da ya dace shi ne a haɗa hayar shekara da kuɗin motar shekara da kuɗin ruwa wuri guda, domin sau da yawa ɗakin da ya yi arha a bakin ejan shi ne mafi tsada idan aka tara abin da hanya ke ci.

Na biyu shi ne sauƙin zirga-zirga, wato awannin da mutum zai ɓatar tsakanin shimfiɗarsa da wurin aikinsa. A nan ya kamata a tuna cewa tun 1 ga Yunin 2022 gwamnatin jihar ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Lagos Island da Eti-Osa, saboda haka a cikin tsibiri ƙafa da danfo (ƙananan motocin bas na haya) da manyan motocin bas na BRT su ne abin dogaro.

Na uku shi ne ƙarko, kuma ƙarko iri biyu ne: na ginin kansa, da na zaman mutum a cikinsa. Akwai ginin da zai iya faɗowa, akwai kuma ɗakin da ginin lafiya lau yake amma ana iya tashin mai shi a kowace rana. A ganina wannan ma'auni ya fi sauran nauyi, domin ana iya jure tsada da cunkoso, amma ba a jure rufi ya faɗo wa mutum da 'ya'yansa.

Na huɗu shi ne ruwa da wuta. Tsibirin yana kwance ne kusan daidai da teku, ruwan rijiyoyinsa a wurare da dama akwai gishiri ko tsatsa, damina kuma tana kankama daga Afrilu zuwa Yuli, ta ɗan tsagaita a Agusta, ta dawo a Satumba da Oktoba. Na biyar shi ne haɗari na gobara da ambaliya da rikici, na ƙarshe kuma shi ne zaman iyali: makaranta, asibiti, masallaci, da kusanci da 'yan uwa.

Cikin tsohon gari: Isale Eko, Idumota, Okepopo, Epetedo da Lafiaji

Nan ne tushen Legas, nan fadar Oba, wato Sarkin Legas, take a Iga Idunganran, nan kuma kasuwannin Balogun, Idumota, Oke-Arin, Dosunmu, Jankara da Ebute Ero suka haɗe har ba a gane inda ɗaya ta ƙare wata ta fara. Ranar mazaunin wannan yanki tana farawa da kiran sallar asuba daga masallatai da yawa a lokaci guda, domin unguwannin Musulmi ne tun kaka da kakanni. Bayan fitowar rana da kaɗan sai danfo su fara zubo da jama'a a Idumota da Apongbon, 'yan dako su cika lunguna, masu kasa kaya su mamaye rabin titi, ta yadda daga hantsi zuwa magariba mai mota ba ya iya shiga ko fita daga wasu tituna. Bayan isha'i kuwa sai yankin kasuwa ya yi tsit, masu gadi da masu kwana a shago kawai za a gani, yayin da unguwannin zama irin su Okepopo da Epetedo ke ci gaba da hidima a ƙofar gida har dare ya raba. Ranar Alhamis da safe ba a buɗe kasuwa sai ƙarfe 10 saboda tsaftar mako, ranar Lahadi kuma gari yakan zama kamar ba shi ba.

Ta fuskar kuɗi, mutane da yawa sukan ɗauka cewa tsohon gari zai yi arha saboda tsufan gidajensa, amma ba haka abin yake ba. Ɗakin kwana a nan yana gasa ne da sito: duk ɗakin da ɗan kasuwa zai iya zuba kaya a ciki, mai gida ya san zai samu wanda zai biya fiye da mai neman wurin kwana. Saboda haka abin da ya rage wa mai haya yawanci shi ne ɗaki ƙarami a hawa na uku ko na huɗu, ko ɗaki a tsohon gidan gado mai ɗakuna suna kallon juna, da banɗaki da wurin girki na tarayya. Abin da ke rama wannan tsada shi ne mai shago a Balogun ba zai biya kuɗin mota ko kwabo ba, zai buɗe kafin abokan gasarsa su sauko daga gada, ya kuma rufe bayan sun tafi. Dokar haya ta jihar ta 2011, wadda ta hana a karɓi fiye da hayar shekara ɗaya daga sabon mai haya, ta shafi wannan yanki, ko da yake akan samu masu gidan da ke neman shekara biyu, musamman a sabon gini.

Ƙarkon gini shi ne babban raunin wannan zaɓi. Yawancin filaye na gado ne, kuma an saba iyali su ba wani mai gini filinsu na wasu shekaru ya ɗora bene ya ci haya, sannan gida ya koma hannun masu shi. Wanda ya san zai bar gini bayan wa'adi ba lallai ne ya kashe kuɗin da tushe a ƙasa mai laushi ke buƙata ba. A ranar 13 ga Maris 2019 wani bene da ke ɗauke da makarantar firamare a samansa ya rufta a Ita Faji, mutum kusan 20 suka rasu, da yawansu yara ne. Bayan nan hukumar kula da gine-gine ta jihar, LASBCA, ta rushe gidaje da dama da ta riga ta yi wa alama. Duk wanda zai kama ɗaki a nan wajibi ne ya zagaya ginin ya duba ko akwai jan fenti na hukuma ko alamar an shafe shi da sabon fenti, ya duba tsagewar bango da ƙarfen da ya fito daga siminti, ya kuma tambayi maƙwabta, ba ejan ba, ko an ƙara hawa a kan tsohon gini. Sai kuma batun wanda ake ba kuɗi: gidan gado magadansa suna da yawa, kuma ana iya biyan ɗaya daga cikinsu wani ya zo ya ce bai san zancen ba. Rasit da yarjejeniya a rubuce daga wanda iyali suka wakilta su ne kariya.

Ruwan sha sayensa ake yi, ko na leda ko na jarka daga masu turin kura, waɗanda da yawansu 'yan Arewa ne da 'yan Nijar, kuma kuɗin jarka yana ƙaruwa da yawan matattakalar da za a hau da ita. Idan ruwan sama ya haɗu da cikar teku, magudanan ba sa iya kai ruwa waje, sai ya dawo tituna, musamman wajen Idumagbo da Adeniji Adele, ya kwana ya wuni a ƙofar gidaje. Gobara kuma ba baƙuwa ba ce: an yi ta Jankara a Disambar 2012 inda sito na kayan wasan wuta ya fashe, an yi ta Balogun a Nuwamban 2019, an yi ta Dosunmu a Afrilun 2024, kuma dalilan kusan iri ɗaya ne, wato janareta da man fetur a cikin bene, kaya masu kama wuta a ƙasan wurin kwana, da lungunan da motar kashe gobara ba ta iya shiga.

Wajen asibiti da masallaci kuwa babu unguwar da ta kai wannan. Babban Asibitin Legas da ke Odan, wanda aka kafa a 1893, da asibitin haihuwa na tsibirin, da asibitin yara na titin Massey, duk tafiyar ƙafa ce. Babban Masallacin Legas da aka buɗe a 1988 yana titin Nnamdi Azikiwe, masallacin Shitta-Bey na 1894 kuma yana nan kusa. Sai dai baƙo ya san cewa gari ne mai masu shi da al'adunsa. Ranar bikin Eyo, wato bikin dodannin gargajiya masu fararen kaya, alal misali, ba a yarda mutum ya ratsa inda masu bikin suke da takalmi a ƙafa ko hula a ka ba, kuma Bahaushen da bai sani ba yana iya shan sanda. Akwai kuma samarin unguwa masu karɓar kuɗin sauke kaya, da faɗace-faɗacen ƙungiyoyin matasa da ke tashi jefi-jefi tsakanin layi da layi. Wanda ya iya ɗan Yarbanci, ya kuma san dattawan layinsa, zamansa ya fi sauƙi ƙwarai.

Obalende

Obalende ƙaramar unguwa ce matsattsiya tsakanin tsohon gari da Ikoyi, kuma alaƙarta da 'yan Arewa tsohuwa ce, tun zamanin da Turawa suka zaunar da sojojinsu a nan, waɗanda mafi yawansu Hausawa ne. Barikin Dodan, inda shugabannin soja suka yi mulkin ƙasa har aka koma Abuja a Disambar 1991, yana jikinta, haka ma barikokin 'yan sanda da filin Idi. Wannan tarihi ne ya sa har yau baƙon da ya sauka daga Kano ko Sakkwato ko Maraɗi zai ji Hausa a bakin titi, ya samu mai shayi da mai tsire da mai tuwo, ya kuma samu masallacin da zai yi sallah a bayan limamin da ya san garinsu.

Amfaninta mafi girma shi ne matsayinta. Tashar Obalende tana cikin manyan tashoshin gari, inda ake samun motar Oshodi, Yaba, Ikeja, Ajah da sauran wurare, tashar BRT ta dandalin Tafawa Balewa (TBS) kuma tana kusa. Mai aiki a titin Awolowo ko Falomo zai iya tafiya da ƙafa, mai shago a Balogun zai shiga danfo guda ɗaya gajere, mai aiki a Victoria Island kuma gada ɗaya ƙarama zai haye. Babu wata unguwa mai ɗakunan talaka da ke kusa da waɗannan wurare uku a lokaci guda, shi ya sa hayarta ta fi ƙarfin ingancin ɗakunanta. Ana biyan kuɗin matsayi ne, ba na ɗaki ba, kuma saboda haka samari sukan haɗu uku ko huɗu su kama ɗaki ɗaya su raba kuɗin.

Abin da unguwar ke karɓa a madadin wannan sauƙi shi ne barci. Obalende ba ta kwana: ihun kwandastoci, kiɗan mashaya, ƙarar janareta da hayaƙin motoci ba sa yankewa, kuma wasu layukanta da dare ba wurin da mai iyali zai so 'ya'yansa su riƙa wucewa ba ne. Gidajen sun tsufa kamar na tsohon gari, ko da yake matsin sito bai kai na Idumota ba, ruwa ma na saye ne, magudanai kuma sukan toshe da damina. Makarantu irin su St. Gregory's da aka kafa a 1928 da Holy Child suna nan, amma kuɗinsu ba na mai ƙaramin ƙarfi ba ne, Islamiyya kuwa ana samu. Game da tsaro, kusancin bariki yana rage wasu fitinu, amma yana kuma nufin samame ya fi yawa, kuma wanda ba ya ɗauke da katin shaida yana iya kwana a inda bai yi niyya ba.

A nan ya zama dole a yi gargaɗi kan wani abu da ake tallata wa baƙi a matsayin mafita. A Mayun 2024 gwamnatin jihar ta sanar cewa ta gano ɗakuna 86 da aka yanka a ƙarƙashin gadar rukunin gidajen Dolphin da ke Ikoyi, inda masu zama ke biyan kimanin naira 250,000 a shekara, ta kuma rushe su. Wannan adadi yana nuna irin tsadar kwana a tsibiri, tunda har ƙarƙashin gada ya kai haka, yana kuma nuna cewa wanda ya biya irin wannan kuɗi ba shi da inda zai kai ƙara ranar da katafila ta zo. Haka abin yake ga matsugunan bakin ruwa: a Janairun 2020 sojojin ruwa sun tashi mazauna Tarkwa Bay cikin ɗan gajeren lokaci. Duk wurin da ba shi da mai gida na halal kada a sa shi cikin lissafi, komai arharsa.

Ikoyi: ɗakin bayan gida

Ikoyi unguwar Turawan mulki ce a da, yanzu kuma ta masu hannu da shuni, kuma hayar cikakken gida a Bourdillon ko Parkview ko Banana Island ba ita ce damuwar mai karanta wannan ba. Abin da ya shafe shi shi ne ɗakunan bayan gida da aka gina domin masu aiki, da ƙananan ɗakuna a Dolphin da kudu maso yammacin Ikoyi wajen titin Keffi. Masu zama a irin waɗannan ɗakuna kashi biyu ne, kuma halinsu ya bambanta sosai.

Kashi na farko shi ne ma'aikacin ofis da ke biyan haya. Zai samu titi mai bishiyoyi, da shiru da dare, da ƙofa mai gadi, da wutar da ta fi ta sauran unguwanni zama. Amma zai biya fiye da abin da cikakken gida ke ci a Agege, ga kuɗin hidimar gida na dizal da ruwan tanka da tsaro a kai. Idan layinsa yana rukunin farko na masu samun wuta, wanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, to farashin da aka ɗaga a Afrilun 2024 zuwa naira 225 kan kowane ma'aunin wuta (kilowat-awa), kafin a ɗan rage shi daga baya, shi ma zai shiga lissafinsa. Dokar haya ta 2011 kuma ta cire Ikoyi da Victoria Island daga cikin wuraren da ta shafa, saboda haka kariyar da ke kan mai haya a Isale Eko ba ta kansa. Cefane ma ya fi tsada, kuma da yawa sai sun gangara Obalende ko kasuwar Sandgrouse kafin su sayi abin miya a farashin da ya dace.

Kashi na biyu shi ne direba ko mai gadi ko kuku da maigida ya ba ɗaki kyauta. A ido wannan ya fi kowane zaɓi, tunda babu haya, babu kuɗin mota, ga ruwa ga wuta. Illarsa ita ce aiki da wurin kwana sun zama abu ɗaya: ranar da aiki ya ƙare, ranar ce ɗaki ya ƙare, kuma wanda ke kwana a gidan maigidansa ba shi da lokacin tashi daga aiki. Sau da yawa ba a yarda ya kawo iyali ko ya sauki baƙo ba. Shawarata ga duk wanda ke cikin wannan hali ita ce ya riƙa ware kuɗin haya kowane wata kamar yana biya, ya ajiye su a inda ba zai taɓa ba.

Tsadar unguwa ba ta hana ambaliya ba, domin titunan Ikoyi da dama sukan cika da ruwa a Yuni da Yuli, ba ta kuma zama shaidar ingancin gini ba, kamar yadda ruftawar bene mai hawa 21 a titin Gerrard ranar 1 ga Nuwamban 2021 ta nuna, inda mutum fiye da 40 suka rasa rayukansu.

Tsallaken gada: Agege, Idi-Araba da Mile 12

Wannan zaɓi an fi saninsa, ba ya buƙatar dogon bayani. A waɗannan unguwanni akwai tsofaffin al'ummomin Hausawa da sarakunansu da makarantun allo da na Islamiyya, abinci ya fi arha saboda kasuwar Mile 12 da mayankar Oko-Oba, kuma kuɗin da zai kama ɗaki ɗaya a Obalende yana iya kama ɗaki da falo a Agege. Abin da ake biya shi ne lokaci. Mai son isa Marina ƙarfe 8 yakan fito ne bayan sallar asuba kai tsaye, ya dawo bayan isha'i, kuma duk abin da ya samu gada ya same shi. Da gobara ta ci ƙarƙashin gadar Apongbon a Maris 2022, an rufe wani sashe na hanyar gadar Eko fiye da shekara guda, haka kuma an yi watanni ana gyaran Third Mainland a farkon 2024. Jiragen ƙasa sun kawo sauƙi: shuɗin layi yana tafiya daga Mile 2 zuwa Marina tun Satumban 2023, jan layi kuma yana bi ta Agege da Mushin tun Oktoban 2024, sai dai yana tsayawa ne a Oyingbo, dole a ƙarasa da mota ta gadar Carter. Akwai kuma jiragen ruwa daga Ikorodu da Apapa ga wanda ba ya tsoron ruwa, ya kuma dage kan rigar kariya. Tarin 'yan uwa kariya ne a yawancin lokaci, amma Idi-Araba ta ga rikicin ƙabilanci a 2002, Mile 12 kuma a 2016.

Ma'auni | Tsohon gari | Obalende | Ɗakin baya a Ikoyi | Tsallaken gada
Haya | Matsakaiciya, ɗaki ƙarami | Ta ɗara ta tsohon gari | Mai tsada, ko kyauta daga maigida | Mafi sauƙi
Kuɗin mota | Kusan babu | Kaɗan | Kaɗan | Mai yawa
Lokacin hanya | Mintuna | Mintuna | Mintuna | Awanni
Ƙarkon gini | Sai an bincika sosai | Sai an bincika | Yawanci mai kyau | Ya danganta da layi
Tabbacin zama | Ya danganta da magada | Matsakaici | Mai rauni idan na aiki ne | Ya fi ƙarfi
Ruwa da wuta | Ruwan saye | Ruwan saye | Akwai, da tsada | Rijiyar burtsatse ta fi samuwa
Babban haɗari | Ruftawa da gobara | Hayaniya da samame | Rasa aiki da ɗaki tare | Gajiya da rufe gada
Zaman iyali | Da ƙyar | Da ƙyar | Ba kasafai ba | Mafi dacewa

Wane ne ya dace da ina

Ɗan kasuwar da ke da shago ko sito a Balogun ko Idumota, wanda iyalinsa ke gida Arewa yana zuwa musu lokaci-lokaci, tsohon gari ya fi masa, da sharaɗin ya zaɓi gini mai hawa kaɗan wanda ba a ajiye kaya masu kama wuta a ƙasansa, ko da zai ƙara kuɗi. Saurayin da aikinsa ke yawo tsakanin Ikoyi da Victoria Island da Marina, kamar ɗan canji ko tela ko mai kai saƙo, Obalende ce tasa, musamman idan yana da abokan da ya yarda da su da za su raba ɗaki. Ma'aikacin da albashinsa ya kai, wanda kuma aikinsa ke kai shi dare, zai ci ribar ɗakin baya a Ikoyi, amma ya nemi a rubuta masa jimillar kuɗin hidimar gida kafin ya sa hannu, domin a nan ne lissafi ya fi karyewa.

Mai mata da 'ya'ya ƙanana kuwa, in dai ba gidan bariki ko na ma'aikata aka ba shi ba, ban ga dalilin da zai sa ya cusa su a ɗaki ɗaya a hawa na huɗu a Isale Eko domin ya tsira daga gada ba. Gara ya zaunar da su a Agege ko Idi-Araba kusa da tashar jirgi ko ta BRT, ya ɗauki wahalar hanya shi kaɗai, idan ma ta kama ya samu wurin kwana na tarayya a Obalende daga Litinin zuwa Alhamis ya koma gida ranar Juma'a, kamar yadda magidanta da dama ke yi.

Wanda ya sauka Legas karon farko bai san kowace unguwa ba, kada ya biya shekara a makon da ya iso. Ya sauka wurin ɗan uwa ko ya nemi masauki ta hannun shugabannin al'ummarsa na wata ɗaya ko biyu, ya gwada hanyar da zai riƙa bi a ranar aiki, ya je ɗakin da aka nuna masa da dare ya ji yadda layin yake, sannan idan damina ce ya koma washegarin ruwa mai ƙarfi ya duba inda ruwan ya tsaya a jikin bango kafin ya miƙa wa ejan kuɗi.